Yadda Aka Ci Ni Tara a Dutsen Marasa Kunya

Na sha wahala a tafiyar nan, kuma ba irin wahalar da mutum yake ba da labarinta yana alfahari ba. Wahala ce kawai. Gwiwata ta hagu har yau ba ta koma daidai ba, haƙorana biyu suna can, kuma tun da na dawo ko tuffa aka ba ni kyauta ba na ci.

Sunana Garba. Tela ne ni a Fagge, na fi shekara ashirin a kan keke kafin in tafi. Boko aji huɗu na yi, don haka wanda ya ga rubutun nan ya karkace ya yi haƙuri. Sunan ƙasar ba zan faɗa ba, saboda akwai mutum biyu da suka rufa mini asiri kuma suna can har yanzu. Ƙasa ce dai ta Turawa, mai duwatsu da sanyi.

Wani ejan ne a Sabon Gari, mai ofis a saman shagon wayoyi, ya ce akwai kamfanin ɗinki da yake neman hannu. Na sayar da kekunana biyu, na sallama shagona ga wani. Da na sauka a babban birninsu na bi adireshin da ya rubuta mini, sai na tarar wurin wankin mota ne. Na kira lambarsa, wata mace ta yi ta maimaita magana ɗaya da Turanci. Wata biyu na yi a wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa, mu takwas, ba wanda yake jin yaren wani. Wani ɗan Senegal ya ga ina rawar ɗari da kaftani, ya cire rigar sanyinsa ta biyu ya jefo mini. Har muka rabu ban san sunansa na gaskiya ba. Da rana yawo nake yi ina kallo, don kallo kyauta ne. A birnin nan na fara ganin kare da riga. Na bi wani karen da ido har ya sha kwana, ina son in gane yadda aka haɗa masa hannun rigar, don ɗinkin ya zauna fiye da na mutane da yawa da na sani.

Daga nan sai gonar tuffa. Ana biya da yawan akwatin da ka cika. Mai kula da mu yakan zo ya juya tuffa ɗaya, ya ga tabo kamar ƙwayar gero, ya ce akwatin duka ya lalace. Da yamma kuma mu ga an loda wannan akwatin a mota tare da sauran. A gonar nan bizata ta ƙare. Ba cutar ce ta fi damuna ba, na saba da cuta. Shirun ne. Mutumin da ya tashi a Fagge, inda adaidaita sahu da masu rediyo da 'yan dako masu ihu a ba su hanya ba sa barin kunne ya huta, a ajiye shi inda zai iya jin faɗuwar ganye. Akwai ranar da na kira matata Hadiza na ce kar ta yi magana, ta miƙa wayar ta taga kawai in ji titi. Ta ce, "Malam, lafiyarka kuwa?"

Da kakar tuffa ta wuce na tafi tashar jirgin ƙasa ba tare da na san inda zan nufa ba. Injin sayar da tikiti ya haɗiye mini kuɗi bai ba ni komai ba. Na buga shi da tafin hannu na ce, "Allah ya isa tsakanina da kai."

Sai na ji murya a bayana da Hausa tas: "Bakano ne, wallahi. Ko inji sai ya yi rigimar canji da shi."

Na juya. Wani baƙin mutum ne gajere mai furfura, sa'ana, yana riƙe da buhun albasa. Na ce, "Wannan bakin kuwa na Zazzau ne. Wa ya sake ka har ka zo nan?"

Yohanna ke nan, Kirista ne mutumin Zariya. Ya daɗe a ƙasar, yana da takardu, yana jin yarensu, kuma shi ne mai dafa abinci a wani masauki da yake can saman dutse. Ya sayo mini tikiti da shayi, ya saurari labarina bai yi mamakin ko ɗaya ba. Ya ce, "Kana iya jan alfadari?" Na ce ban taɓa ba. Ya ce, "Za ku daidaita, halinku ɗaya."

Masaukin na wata tsohuwa ce doguwa, mai hannu kamar na maƙeri. Sunanta ya ƙi bakina, na riƙa ce mata Inna, ita kuma ta riƙa amsawa. Titin mota yana ƙarewa a gindin dutsen. Daga nan zuwa masaukin tafiyar awa biyu da rabi ce a ƙafa, hanya siririya tana nannaɗewa. Aikina shi ne kullum in sauka da alfadari da safe, in ɗoro tukunyar gas da fulawa da dankali, in hawo. Inna ta san bizata ta mutu. Ta kai maganata wurin wani lauya a gari, ya ce ana iya nema mini takardar aiki tunda ba ɗan ƙasa da yake son aikin, amma sai an jira, kuma kafin ta fito kar in kuskura in shiga ofishin 'yan sanda ko da neman hanya ne. In aka duba fasfona kafin lokacin, jirgi ne zuwa gida. Gida kuwa ba keke, ba shago, sai 'ya'ya biyar da maƙwabta masu tambaya.

Abin da na kasa ganewa shi ne baƙin da suke zuwa. Ni ana biya na in hau dutsen nan, kuma duk da haka ina hawa ina tsaki. Su kuwa su ne suke biya. Likitoci, malaman makaranta, tsofaffi masu jikoki, kowa da sanda biyu da jaka a baya, suna haki, fuska ta yi ja kamar tumatir. In sun iso sai su sha miya, su kalli sama, su juya. Na tambayi Yohanna, "Akwai kabarin wani waliyyinsu ne a sama?"

Ya ce, "Babu."

"Ana haƙo wani abu?"

"Babu."

"To me suke zuwa ɗauka?"

Ya ce, "Garba, mutum in ya ƙoshi, wahala yake fita nema. Kai ba ka taɓa ƙoshi ba shi ya sa."

A sati na biyu na ga abin da ya fi wannan. Ƙasa da masaukin kaɗan akwai wani faffaɗan dutse da ya turo kai waje kamar baranda. In ka tsaya a kansa, can ƙasa ta ɗaya ɓangaren kana hango wani ƙauye, da cocinsa da jajayen rufin gidaje. Ina hawowa da alfadari sai na ga mutum shida sun jeru a bakin dutsen, maza huɗu mata biyu. Na ɗauka hoto za su yi. Hoton kuwa suka yi, amma sai da suka juya wa ƙauyen baya, suka zame wanduna har gwiwa, suka sunkuya, suka yi wani ihu gaba ɗaya. Sannan suka ja wandunansu, suka tafa, suka ci gaba da tafiya kamar waɗanda suka fito daga ɗaurin aure. Ɗaya daga cikinsu ya girme ni nesa ba kusa ba. Da ya zo wucewa har ya gaishe ni.

Na shiga kicin na ce, "Yohanna, mahaukata sun hawo."

Ya ce, "Ka ga na dutsen ke nan. Al'ada ce. Duk wanda ya hawo karon farko sai ya gaisa da ƙauyen can."

"Da wannan wurin ake gaisuwa?"

"A nan dai da shi ake yi."

Ni mutum ne mai son in san dalilin abu. Na sa Yohanna ya tambayar mini Inna. Ta ce tun zamanin kakanta makiyayan wannan ɓangaren da na ƙauyen can suka yi rigima a kan makiyaya, alƙali ya ba wa ƙauyen can gaskiya, su kuma na nan suka hau dutse suka ba da tasu amsar. Mai kawo mana cuku ya ce ƙarya ne, wani saurayi ne aka hana shi shiga rawar ƙauyen. Wani malamin jami'a da ya kwana a wurinmu ya ce babu ɗaya, ɗalibai ne suka ƙirƙiro abin ba da daɗewa ba, sauran labarin daga baya aka ɗinka masa. Na fi yarda da Inna, don rigimar fili na san ta. Amma har yau ina mamakin yadda mutum zai bar gidansa, ya biya kuɗin jirgi, ya zo ya rama wa makiyayan da bai sani ba. Mu dai muka sa wa wurin Dutsen Marasa Kunya.

Ashe mutanen ƙauyen sun gaji. Hotunan sun cika waya, sunan ƙauyensu ya zama abin dariya, kuma wai ranar wata jana'iza suna tsaye a maƙabarta aka yi musu daga sama. Suka kai ƙara, aka kafa doka, aka dasa allo a bakin dutsen da zanen mutum a sunkuye an ja masa jan layi. Allon bai hana komai ba, sai ma aka riƙa jingina jaka a jikinsa. Yohanna ya ce mini ya ji 'yan sanda za su riƙa hawowa cikin kayan gida. Na ce, "Allah ya ba su sa'a, su kama su duka." Ban ga abin da ya shafe ni ba.

Ranar wata Asabar ce, rana ta fito sosai. Na sha shayi kofi uku a gindin dutse kafin in taso. Ina zuwa daidai wurin nan fitsari ya matse ni, ga azahar ta yi. Na ɗaure alfadari a jikin allon, na ɗauki butata, wata robar man girki ce da na yanke wa baki. Akwai mutum biyar a kan dutsen suna shirin abin nasu, don haka na kawar da kai na zagaya can gefe, bayan wani ɗan kurmi, inda ba za su gan ni ba. Na duba alƙibla a waya, don a fili mutum ba ya fuskantar ta kuma ba ya ba ta baya in zai kama ruwa. Na karkace na bar ta a gefena. Na kwance tazuge, na tattare riga, na tsuguna kamar yadda aka koya mini tun ina yaro. Abin da ban lissafa ba shi ne, da na bar alƙibla a gefe, ƙauyen ne ya koma bayana. Kurmin ya kare ni daga mutum biyar, bai kare ni daga kwarin duka ba. Kuma daidai lokacin suka yi ihunsu.

Ina cikin tsarki na ji usur.

Su biyu ne, namiji mai gashin baki da mace mai kyamara, sun fito daga bayan wasu duwatsu a ƙasa da mu. Suka nuna katin 'yan sanda, suka tattara mu shida, da alfadari na bakwai, suka kora mu zuwa masauki don a sami teburin rubutu. Sauran biyar ɗin dariya suke yi a hanya. Ni fasfona nake tunawa.

Inna ta fito tana goge hannu, ta gan ni a cikin layi, fuskarta ta canza. Yohanna ya leƙo da ludayi a hannu ya ce, "Kai kuma fa?"

Na ce, "Ka gaya musu fitsari nake yi."

Ya gaya musu. Mai gashin baki ya yi magana, Yohanna ya juya mini: "Ya ce namiji a tsaye yake fitsari."

"Ka ce masa a garinsu."

"Ba zan ce masa haka ba."

Ya dai yi musu bayani, na ga yana nuna gabas yana nuna butar. Ɗan sandan ya ɗauki butar ya jujjuya ta, ya leƙa ciki, ya shinshina. Ba mugu ba ne, na ga alama shi ma so yake ya gane. Ya yi tambaya a kan alƙibla, ya sa na nuna masa a waya, ya gyaɗa kai. Sai macen ta juyo da kyamarar ta nuna masa, ta nuna wa Yohanna. Yohanna ya kalla, ya rufe baki da hannu, kafaɗarsa tana motsi.

Na ce, "Mene ne?"

Ya ce, "Garba, kai ka fi fitowa. Su duk farare ne, rana ta haske su."

Na ce, "Allah ya isa, Bazazzagi."

Ɗan sandan ya sake magana, a hankali, da ladabi. Wannan karon Yohanna bai yi dariya ba. Ya ajiye ludayin, ya matso kusa da ni, ya yi ƙasa da murya duk da ba mai jin Hausa a wurin.

"Ka saurare ni da kyau. Ya ce maganarka tana iya zama gaskiya, kuma ba ya son ya zalunce ka. Hanya biyu ce. Wanda ya amsa laifi zai biya tara nan take, a rubuta sunan da ya faɗa, a ba shi rasit, shi ke nan. Wanda ya ce bai yi ba, haƙƙinsa ne, sai ya bi su ofis da fasfonsa a rubuta bayaninsa, alƙali ya duba."

"To ai ban yi ba."

"Na sani."

"Shi ma ya sani."

"Shi ya sa yake ba ka hanyar ofis, yana ganin alheri yake maka. Garba, fasfo."

Na kalli Inna, ta kawar da kai tana kallon alfadari.

Na ce, "Yanzu so kake ni, da furfurata, da 'ya'ya biyar, in sa hannu a takarda cewa na hau dutse na buɗe wa mutanen gari mazaunaina? Da maƙabartarsu da komai?"

Ya ce, "So nake ka kwana a nan yau."

"In labarin nan ya je Fagge fa?"

"Wa zai kai shi? Ni? Wa yake yarda da maganar Bazazzagi a Kano?"

A rayuwata an cuce ni sau da yawa, kuma kowane karo ina da abu ɗaya da nake riƙewa, cewa ni dai na san gaskiyata kuma na faɗe ta. Ejan ya cuce ni, mai gona ya cuce ni, duk na faɗa musu ko da ba su ji ba. Wannan ne karo na farko da aka ba ni dama in faɗi gaskiya a gaban hukuma, da alƙali da komai, kuma ita ce za ta kore ni. Na tuna shagona da wani yake zaune a ciki. Na tuna yadda zan sauka daga adaidaita a bakin layinmu da jaka ɗaya.

Na ce, "Ka ce masa na yi."

Yohanna ya faɗa. Ɗan sandan ya ɗaga gira, ya kalle ni, ya kalli butar, ya sake kallona. Ya tambaya sau biyu. Sau biyu na gyaɗa kai. Ban san abin da ya gane ba. Ya daɗe yana murza gashin bakinsa, sannan ya buɗe littafinsa ya ce in faɗi suna. Na faɗa, Yohanna ya jera masa haruffan. Bai tambayi komai ba bayan wannan.

Sai mutum biyar ɗin nan suka fashe da tafi. Wani tsoho a cikinsu mai farin gemu ya rungume ni, ya zaro kuɗi ya biya tasa tarar ya biya tawa, yana ta surutu. Yohanna ya ce, "Wai shekara da shekaru yana hawa dutsen nan bai taɓa ganin ɗan Afirka ya girmama al'adarsu ba sai kai. Wai ka zama ɗan gida." Suka so in tsaya a yi hoto, na ce hoton da aka yi ya isa.

Da suka watse na zauna a bayan kicin da rasit ɗin a hannu, ko abinci na kasa ci. Na so in jefa shi a murhu. Inna ta riƙe mini hannu, ta karɓa, ta sa tabarau ta karanta, ta yi magana. Yohanna ya ce, "Ta ce kar ka ƙona. Akwai sunanka, akwai kwanan wata, akwai hatimin hukuma, kuma an rubuta a masaukinta aka same ka. Lauya ya daɗe yana neman takardar da za ta nuna kana nan tun bana. Ta ce duk ƙasar nan ba ka da wata takarda mai hatimi sai wannan."

Na ce, "Lauyan zai karanta abin da aka rubuta na yi?"

Ya ce, "Har sakatariyarsa."

Ranar Litinin da na idar da sallar asuba na nemi leda mai kyau, na naɗe rasit ɗin, na ɗauko allura da zare na ɗinke shi a cikin rigar sanyina ta ciki, ɗinki biyu don kar ruwa ya taɓa shi. Na ɗaura wa alfadari tukwanen gas da suka ƙare, na karɓi adireshin lauya a wurin Inna, na kama hanyar gari tun rana ba ta fito ba. Shayi kofi ɗaya na sha.